Ƙasar Fegge a Cikin Daro

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kawo ni Fegge, wata unguwa a garin Anacha, shi ne ba wanda yake gudun ruwan sama. A garinmu, ta wajen Bichi, da hadari ya haɗo za ka ga ana kwashe shanya, ana kora awaki, kowa yana neman zaure. A Anacha kuwa ruwa yana zuba mutane suna ciniki, mata da kaya a ka suna ratsa taɓo kamar ba abin da ke faruwa. Shekarata tara a lokacin. Mahaifiyata ta rasu da rani, Baba ya je ya ɗauko ni, muka biyo jirgin ƙasa zuwa Inugu, daga nan mota ta ƙarasa da mu.

Baba mahauci ne, a mayankar garin yake aiki. Gidan da suke haya dogo ne, ɗakuna a jere, rufin kwanonsa ya yi ja don tsatsa. Mai gidan wata 'yar Ibo ce da mijinta ya rasu, kowa yana kiran ta Mama Obi. Ɗakuna huɗu Hausawa ne a ciki, sauran 'yan gari. A ƙofar gidan akwai wata 'yar rumfa, a ƙarƙashinta na tarar da Kaka, mahaifiyar Baba, tana juya ƙosai a kasko.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Ita kuwa Takwara take ce mini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa Baba ai wannan takwarar tata ba ta kai rabin ƙosai ba, a mayar a sake kawo wata. Na sunkuyar da kai. Ta jawo ni jikinta, zanenta yana ƙanshin man gyaɗa da hayaƙi, ta cusa mini ƙosai mai zafi a hannu.

Ni ba mai magana ba ce tun asali. Da aka sa ni makarantar mishan abin ya ƙaru, don ba na jin Ibo, Turancin Buroka kuma sai a hankali na fara tsinta. A aji nakan zauna kusa da taga ina kallo. Na san wace yarinya ce take zuwa ba ta karya ba, na san ranar da malaminmu ya yi faɗa da matarsa. Ba wanda nake gaya wa.

Lokacin da na fi so shi ne bayan magariba. Kaka takan yi suyar yamma, leburori da masu tura kura su tsaya su saya. Idan ƙullu ya ƙare, wuta ta koma garwashi, kafin a kira isha'i, sai yaran gida mu kewaye murhun. Har da jikokin Mama Obi biyu, waɗanda suka iya Hausa a bakin kaskon nan. Kaka tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan ce wata baƙuwa ta sauka, wa zai ba ta masauki? Mu kuma mu ce ta shigo, akwai tabarma. Idan ta gama sai ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta ta wuce, kowa ya tashi ya yi alwala.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai wadda ta fi maimaitawa, ko mun roƙa ko ba mu roƙa ba. Labarin 'yar mai ginin tukwane ne. Uwar yarinyar ta je bakin kogi ta haƙi yumɓu ba ta nemi izinin Mai Ruwa ba, shi kuwa ya rantse sai ya karɓi 'yarta a madadin yumɓunsa. Mai Ruwa makaho ne, ba ya gani, amma duk wanda ya hau ruwansa yana gane shi ta tafin ƙafa. Ko a cikin kwalekwale kake, zafin ƙafarka yana ratsa katako ya isa gare shi. Don haka yarinyar ta girma ba ta taɓa haye kogin ba. Ran nan aka aiko cewa ƙanwarta da ke aure a ƙetare ba ta da lafiya, ba sunan da take kira sai nata. Ta zauna ta yi kuka ta gaji. Sai ta gina wani faffaɗan kasko, ta cika shi da ƙasar ɗakin uwarta, ta sa aka ɗora shi a kwalekwale, ta shiga ta binne ƙafafunta a ciki.

Idan Kaka ta zo nan takan rage murya, ta miƙa hannu kan garwashi tana lalube kamar makaho. Mai Ruwa ya taso a tsakiyar kogi, ya shafa gindin kwalekwale, ya ce ya ji ƙafar mai fito, ya ji ƙafar akuya, to nauyin nan na uku na mene ne? Mai fito ya ce ƙasa ce. Mai Ruwa ya sake shafawa, ya ji sanyin ƙasa, ya ce shi ba ruwansa da ƙasa, ya nutse. Yarinya ta haye, ta tarar da ƙanwarta da rai, ta dama mata kunu ta sha.

Wani yaro ya taɓa tambayar ta ko ƙanwar ta warke. Kaka ta ce, "Kai dai ba an ce maka ta sha kunu ba? Tashi ka ba ni wuri."

Kafin in cika shekara a gidan na lura da wasu abubuwa. Kaka ba ta zuwa kasuwar bakin ruwa, ko da wake ya fi araha a can, sai dai ta ba da saƙo. Da aka buɗe sabuwar gadar da ta haɗa Anacha da Asaba, duk unguwa aka tafi kallo, har makafi aka ja, ita ta ce ƙafarta ke ciwo. Kuma ba ta taɓa cewa za ta je gida ba, alhali kowa a gidan zancensa ke nan, sallah mai zuwa, ko bayan damina.

Wata maƙwabciyarmu ce ta ba ni labarin, muna surfa wake. Shekara ashirin da suka wuce Kaka ta biyo mijinta, suka hau kwalekwale daga Asaba. Ya kife kusa da gaɓa. An ciro ta, amma matar da ke zaune kusa da ita ba a gan ta ba. Bayan kwana bakwai wani mai bugun ƙasa ya duba mata, ya ce ruwa ya ɗanɗana ta ya sake ta, ranar da ta sake hawa babban ruwa zai karɓi abinsa. Hanyar gida kuwa duk inda ka bi sai ka haye babban ruwa, ta Asaba kogin Kwara, ta Makurɗi kogin Binuwai. Mijinta ya rasu aka binne shi a nan. Ƙanwarta Hanne, uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi shekara guda tana jinya a gida tana aiko mata. Sau biyu Kaka tana ɗaure kaya ta je tasha ta dawo. Saƙo na ƙarshe da ya zo na rasuwa ne.

Daga ranar, idan ta fara tatsuniyar 'yar mai tukwane, fuskarta nake kallo.

Sai shekarar da aka yi juyin mulki sau biyu ta zo. Wajen ƙarshen damina motoci da jirage suka fara dawo da 'yan Ibo daga Arewa saboda rikicin da ya ɓarke a can, wasu da raunuka, wasu da kayan jikinsu kawai, wasu kuma ba su dawo ba. Obi, ɗan mai gidanmu, yana aikin jirgin ƙasa a can. Kullum da safe uwarsa takan ɗaura ɗankwali ta tafi tasha, da yamma ta dawo ita kaɗai. Mutanen da suke tsayawa su sayi ƙosai suna tsokanar Kaka suka koma wucewa ta ɗaya gefen titi. Malaminmu ya kira ni gefe ya ce in zauna a gida tukuna.

Akwai abokin Baba, Baba Tanko, babban mutum mai 'ya'ya biyar, wanda kowa ya san ya ci maganin ƙarfe. Na sha ganin yana goga wuƙa a damtsensa ranar sallah ana tafi. Ranar da rikicin ya iso garin aka ce kowa ya zauna a ɗaki, shi ya ce zai je mayanka ya kwance shanun da aka bari a ɗaure ba ruwa. Baba ya riƙe masa riga, ya fizge yana dariya, ya ce ƙarfen da zai kama shi ba a ƙera shi ba. Ba mu sake ganin sa ba.

A ranar Mama Obi ta kwashe mu ta zuba a ɗakin da take ajiye doya, mata da yara, maza kuma a bayan tulin itace. Kwana uku muka yi. Mu yara shida ne, ƙaraminmu bai fi shekara uku ba. Kaka ta ɗaura wa kowannenmu baƙin zare a wuyan hannu, ta yi tofi, ta ce wannan zaren daga hannun wani babban malami ya fito, muddin bakinka a rufe yake, mai neman ka ko ya taka ka ba zai gan ka ba, amma da ka yi magana ya karye. Ni na ga lokacin da ta zare shi daga gefen zanenta. Ban faɗa ba. A rana ta biyu wasu maza suka shigo gidan da tsakar rana suna buga ƙofofi, muna jin Mama Obi tana ce musu Hausawanta sun tafi tun jiya. Sun daɗe a tsakar gidan. Yaro ko ɗaya bai yi tari ba. Ƙaramin nan ya sa ɗaya hannun ya dafe zarensa, idonsa a rufe gam.

Da abin ya ɗan lafa aka yi shela cewa duk wanda ba ɗan yankin ba ya koma garinsu. Shugabannin Hausawan garin suka samo manyan motoci, aka ce da safe za a tashi, ta gada za a bi. Kowa ya shiga ɗaure abin da zai iya ɗauka. Kaka ta ninke mini kayana tsaf, ta sa littattafaina a tsakiya don kada su jiƙe, sannan ta koma ta zauna a kan tabarmarta. Ta ce mu tafi, Allah ya kiyaye hanya, ita tana nan.

Baba ya durƙusa a gabanta ya roƙa. Ya ce wannan gada ce ta ƙarfe da siminti, ko ɗigon ruwa ba zai taɓa ta ba. Ta ce ta sani. Ya fita ya zo da limamin masallacinmu, wanda ya zauna ya yi mata nasiha mai tsawo, ya ce mai bugun ƙasa bai san gobensa ba balle ta wani, ajali a hannun Allah yake, yarda da irin wannan zance ma laifi ne. Kaka tana gyaɗa kai tana cewa gaskiya ne Malam, Allah ya yafe mana. Da ya tashi tafiya ta yi masa godiya, ba ta motsa daga tabarmar ba. Mama Obi ma ta leƙo, idanunta sun kumbura don kuka, ta ce, "Mama, abeg, make you go. I no fit hide you again." Wato ta tafi, ba za ta iya sake ɓoye ta ba. Kaka ta amsa mata da ɗan yaren Ibon da ta iya, ta ce ita tsohuwa ce, ba wanda zai ɓata ƙarfinsa a kanta.

Can na ji Baba a bayan ƙofa yana gaya wa maƙwabcinmu cewa ya tafi da ni ya kai ni wurin dangi a Bichi. Shi ba zai bar uwarsa ba, abin da zai same ta ya same su tare.

Na tsaya riƙe da ƙunshin kayana. Uwa ɗaya na riga na rasa. Na san Baba ba ya magana biyu, na kuma san inda Baba Tanko ya tafi.

La'asar ta yi. Na ɗauki daron da Kaka take kwaɓa ƙullu, da cokalin suya, na fita rumfa. Kwana uku ba a hura wuta ba, murhun ya yi sanyi. Na fara kankarar ƙasar wurin da take ajiye ƙafafunta idan tana suya. Ƙasar ta yi baƙi, mai da toka na shekara ashirin sun daskarar da ita, cokalin sai lanƙwashewa yake. Ina cikin haka na ga inuwa a kaina. Mama Obi ce. Ta dubi daron, ta dube ni. Jikokinta sun sha ba ta labarin 'yar mai tukwane. Ta shiga gida ta fito da fartanya, ta ɗage zanenta ta sara. Ita ta ɗora mini daron a ka.

Na kai shi gaban Kaka na sauke. Ta daɗe tana kallon ƙasar, sannan ta yi wata 'yar dariya.

"Takwara, ai tatsuniya ce."

Na ce, "Ke kika ce makaho ne."

Ta ce, "Na faɗa."

"Kika ce ta tarar da ita da rai."

Ta sa hannu ta ɗebi ƙasar ta murza, ta kai hanci. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, na ga ya buɗe baki zai yi magana, liman da ya sake leƙowa a lokacin ya dafa kafaɗarsa. Kaka ta miƙe ƙafa ɗaya ta tura cikin daron, ta tura ɗayar, ta jawo ƙasa ta rufe har idon sawu. Ta ce da sanyi kuwa. Sannan ta ce wa Baba me yake tsaye yana kallo, ya sauko mata da akwatinta.

Da safe maza biyu suka ɗaga ta suka sa a bayan mota, na miƙa daron. Mama Obi ta ba mu doya uku da gyaɗa a ƙulle, ta tsaya a bakin rumfa ba ta ɗaga hannu ba. Har muka bar garin, ɗanta Obi bai dawo ba, kuma har yau ban san ko ya dawo ba.

A bakin gada masu bindiga suka tsayar da mu. Ɗaya ya hau ya leƙa, ya ga tsohuwa zaune kan akwati da ƙafafu a cikin daron ƙasa, ya tambayi direba mene ne wannan. Direba ya ce maganin ciwon ƙafa ne na mutanenmu. Mutumin ya yi dariya ya sauka. Da tayoyin suka hau gadar ƙarar motar ta sauya. Kaka ta rufe ido, ta kama wuyan hannuna, leɓɓanta suna motsi. Ta tsakanin katakon motar na ga ruwan, ja, faffaɗa, ba ƙarshe. Na sa ɗaya hannuna na danne ƙasar a kan ƙafafunta, don girgizar mota tana zazzage ta. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji ƙarar ta koma irin ta da, wani a gaba ya ce Asaba, mata suka fara hamdala.

Na girma, na yi karatu, na koyar da yara shekaru masu yawa, kuma na sha tsayawa gaban allo ina gaya musu cewa canfi ba gaskiya ba ne. Ban yi musu ƙarya ba. Canfi ne ya fitar da Baba Tanko daga ɗaki ya bar marayu biyar. Maganar mutum ɗaya da ya zana yatsa a yashi ce ta tsare Kaka shekara ashirin a bakin kogi, ta hana ta ganin Hanne. Idan na tuna wannan raina yana ɓaci har yanzu. Amma hujjar Baba gaskiya ce, nasihar liman ma gaskiya ce, kuma ba wadda ta ɗaga ta daga tabarma. Tsoron nata ba ta kunne ya shiga ba, balle a fitar da shi da magana. Zaren da ta zare daga zanenta kuma ya rufe bakin yara shida a ranar da tari ɗaya ya isa. Na kasa haɗa waɗannan in fitar da hukunci guda. Abin da na iya ganewa kawai shi ne akwai imanin da ke sa mutum ya raina haɗari, akwai wanda ke ba shi abin riƙewa ya ratsa ta cikinsa, kuma daga waje kamarsu ɗaya.

Na tambayi tsofaffi da yawa a Bichi da wasu wurare, ban sami wanda ya taɓa jin tatsuniyar 'yar mai tukwane ba. Ina jin ita ta ƙirƙire ta. Ina jin ta daɗe da gina wa kanta hanyar hayewa, tana faɗa mana ita kullum a bakin murhu, ta rasa wanda zai ɗauke ta da gaske.

A ranar dai ban san duk wannan ba. Motar ta tsaya a gefen hanya bayan Asaba don a sha ruwa. Baba ya ratso mutane ya zo wurinmu, fuskarsa cike da murna, yana cewa Iya kin gani ko, kin gani ba komai, da ma duk zancen banza ne, da tuni kin yi ta zuwa gida kina dawowa. Ya sunkuya zai ja daron ya zubar, don wuri ya yi ƙunci, mutane a tsaye suke.

Ni fuskar Kaka nake kallo. Ta buɗe ido, amma ba murna a ciki. Ta dubi hanyar da muka baro, a hankali ta ce, "Ashe da na je wurin Hanne."

Na ga abin da zai faɗo mata idan daron nan ya zama ƙasar banza. Na riƙe bakin daron da hannu biyu. Ban taɓa yi wa Baba musu ba, ban ma taɓa haɗa ido da shi ba sai ranar.

Na ce, "Baba, ƙasar ce ta hayar da ita. Kuma direba ya ce akwai wani ruwan a gaba. Don Allah kada ka zubar, ka bar mata."